Inna Sassafe da Murjanin Likita

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofofi, Inna Sassafe ta riga ta shigo ɗakin jira da bokiti da tsumma. Shekara ashirin da shida tana sharar wannan ƙaramin asibitin ido, kuma sammakon nan ne ya ja mata sunan. Amma ba da tsintsiya take farawa ba. Wurin tankin gilashin da ke jikin bango take zuwa, ta duƙa a kan gwiwoyin da suka daɗe da yi mata tawaye, ta duba ko ruwan ya sauka daga jan tef ɗin da aka manna a gefe.

Tankin na Likita ne, mai asibitin. Ruwan gishiri ne a ciki irin na teku, da kifaye bakwai, da murjani mai rai, wanda baƙo zai ɗauka dutse ne mai rassa. Marigayiya matar Likita ce ta kawo shi tun bai wuce babban yatsa ba. Da ta rasu, Likita ya ɗauki son duniya ya ɗora wa abin nan.

Da ciwo ya kama shi aka ce sai an kai shi nesa magani, bai kira nas ko ɗaya ba, Inna ya kira. Ba ta karatu, don haka bai rubuta mata komai ba. Ya nuna mata layin tef, da cokalin abincin kifi, da yadda ake haɗa sabon ruwa duk sati biyu.

"Sati shida ne kawai, Inna. Ki riƙe min shi."

"To, Likita. Allah ya dawo mana da kai lafiya."

Sati shida ya zama wata goma sha tara. Lokacin da ya tafi, saura wata uku Inna ta ajiye aiki, 'yarta har ta gyara mata ɗaki. Inna ta ce a rufe ɗakin tukuna, an ba ta ajiya. Duk ranar da Likita ya samu ƙarfin magana ta waya, 'yarsa ta shaida mana mu ma'aikatan asibitin, kafin ya tambayi asibiti sai ya tambayi murjanin, ya ce, "Yana nan?" Daga nan Inna ta gane cewa ba dutse take gadi ba, abin da ke riƙe da mutumin ne.

Wata rana ƙanin Likita, da aka bar wa ragamar asibitin, ya tarar tana ƙara tataccen ruwa a tankin. Ya ce wane irin shirme ne wannan, kifin teku a ruwan daɗi? Ya sa aka kawo gishiri. Nas-nas biyu suna tsaye suka ga Inna ta tare gaban tankin da jikinta.

"Ranka ya daɗe, ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan inda yake. In tukunya ta tsotse a kan wuta, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?"

Mutumin da takardun shaidar karatunsa suka cika bango ya mayar da ledar gishirinsa.

Ranar da wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi, injin da ke juya ruwan ya tsaya tun hantsi. Idan ruwan ya kwanta, komai na ciki zai shaƙe. Inna ta ɗauki jug, tana ɗiba tana kwararawa daga sama, tana ɗiba tana kwararawa, awa biyar. Mai gadi ya karɓe ta, ta ce yana yi da garaje, ta ƙwace abinta. Kifi ɗaya ya mutu ran nan. An ce ta ɓoye wa Likita, a sayo irinsa. Ta ƙi.

Inna, ke ce mai amanar da ba a sa ido a kanta. Mun wuce ki shekara da shekaru da gaisuwar fatar baki, muna taka inda kika goge. Wannan ya dame ni, kuma na faɗa a fili.

Satin da ya wuce Likita ya dawo a keken guragu, ya rame har ba ka son kallonsa. Ya ce a tura shi wurin tankin kafin ofis. Murjanin ya yi rassa, ya kai tafin hannu biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Inna, me zan ce miki?"

"Kar ka ce komai, Likita. Bakwai ka bar min, shida na mayar maka. Ka yafe min ɗayan."

Likita ya rufe fuska da hannu.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya huta da gwiwoyin nan. Mu kuma da aka damƙa wa ajiya, babba ko ƙarama, mu riƙe ta yadda ta riƙe tata. Jiya ta miƙa makullin ɗakin tsintsiya. Yau da safe mai gadi ya ganta a bakin ƙofa ƙarfe shida da rabi, ta ce ba aiki ta zo ba, layin tef kawai za ta duba.