Anti Hanatu, Wadda Ta Amsa Wasiƙata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, takwas ga watan Oktoba, 2024, muna tsakiyar darasin lissafi aka kira ni ofishin shugabar makaranta. Na tarar da Innata a zaune, abin da bai taɓa faruwa ba. Ita ta faɗa mini Allah ya yi wa Hajiya Hanatu Sabiru rasuwa da hantsi, a asibitin da ta yi shekara ashirin tana aikin jinya a nan Gusau. Zuciyarta ce ta tsaya. An yi jana'izarta a Tsafe bayan la'asar.

Anti, ni ce Mansura. Kin san ban iya magana a gaban mutane ba. A wurin zaman makoki na durƙusa gaban mahaifiyarki na kasa cewa komai sai kuka. Shi ya sa na ɗauki biro, kamar yadda na yi a ranar farko.

Bara muka taso daga Nahuce muka kama haya a Tudun Wada, ban san kowa ba. A ƙauye gudu ba wani abu ba ne, kullum ina yinsa tsakanin gida da gona. Da malamar wasanni ta ga gudun nawa, sai ta ce za ta saka ni a gasar makarantu ta mita dubu ɗaya da ɗari biyar, in dai zan riƙa motsa jiki kowace safiya. Baba ya ce bai hana ba, amma ba zan taka titi ni kaɗai ba, sai da babbar mace wadda ya yarda da ita. Inna tana fama da ciwon gwiwa. 'Yan ajinmu dariya suka yi mini. Na fara cire rai.

Ina sharar ƙofar gida bayan sallar asuba na fara ganinki, da dogon hijabi ruwan toka da farin kambas, kina gudu a hankali ba ki kallon kowa. Na rubuta miki wasiƙa ina roƙon ki riƙa fita gudu da ni, irin wadda aka koya mana ta neman aiki, har da adireshi da kwanan wata da "Taki mai biyayya". Kwana tara tana cikin aljihuna. A rana ta goma na tare ki, na cusa miki ita a hannu, na kwasa da gudu na shige gida, tsintsiyar ma a waje na bar ta.

Da yamma kika yi sallama, riƙe da tsintsiyar. Kika ce, "Wannan gudun da na gani ɗazu, ai ni ce zan roƙi a jira ni."

Baba ya ce, "Hajiya, ɗiya mace da gudu bisa titi. Mi mutane za su ce?"

Kika ce, "Za su ce ina kwana, Malam, mu amsa mu wuce."

Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya da baƙo ba sai ranar.

Tun daga nan, kowace safiya ban da Juma'a, sai in ji an buga ƙofarmu sau uku da makulli. Ba kya bugawa da hannu, kin ce ƙarar langa-langa tana tada jaririn maƙwabta. Mukan bi ta bayan makarantar firamare mu fita babban titi, mu juyo daga wurin bishiyar darbejiya. Ke kike bin gefen motoci, ni ina ciki. Ke kika koya mini in daina gudu da dukkan ƙarfina tun daga farko. Ke kika ɗinka mini wando mai faɗi da hijabin da ba ya harɗe ƙafa. Ranar da wasu masu acaba suka yi mana ihu, na ce mu koma gida, kika tsaya kika gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kika tambayi wani jikin matarsa da kika karɓi haihuwarta. Daga ranar su ke matsa mana hanya.

Akwai abin da nake so in nemi gafararki a kansa. A watan Agusta na fara wuce ki. Nakan isa darbejiya in juyo in hango ki can baya, kin dafa gwiwa. Na yi murna. Na je na faɗa wa Inna cewa yanzu na fi Anti Hanatu gudu. Sau ɗaya ma ban tambaye ki ko lafiya ba. Da kika iso sai ki ce, "Ƙafarki ce ta buɗe, ɗiyata, ci gaba." Sai a Tsafe na ji daga bakin ƙanwarki cewa tun lokacin likita ya hana ki gudu, ya ce tafiya kaɗai. Kin san in kin daina fitowa, ni ma an rufe mini ƙofa, kuma saura wata uku gasa. Ki yafe mini, Anti. Ni ina ƙirga mintoci, ke kina ƙirga numfashi.

Bayan mun dawo daga addu'ar uku na wanke kambas ɗina na tura ƙarƙashin gado. Na shirya abin da zan faɗa wa malamar wasanni don ta cire sunana.

Ranar Litinin, ina kan sallaya, na ji an buga ƙofa sau uku da makulli. Baba ne ya buɗe. Madam Rut ce, abokiyar aikinki, wadda take yi miki tsiya cewa babu abin da zai sa ta gudu sai gobara. Tana riƙe da keken ɗanta, hular sanyi a kanta.

Ta ce, "Malam, ni ce wadda Hanatu ta kawo maka."

Baba ya ce, "Na gane ki. Mansura, ɗauko takalmanki."

Ashe tun a watan Satumba, ina makaranta, kin kawo ta gidanmu kin gabatar da ita ga Baba, kin ce ko da wata rana ba ki samu fitowa ba. Har yadda ake buga ƙofar kin koya mata.

A hanya ta ce mini, "Ni fa ban iya gudu ba, kuma rabona da hawan keke shekara ashirin. In na faɗi ki dawo ki ɗaga ni." Ta bi gefen motoci, ta bar ni a ciki. Da muka kai darbejiya muka tsaya, ba wadda ta iya kallon 'yar'uwarta.

Ranar ashirin da uku ga Nuwamba za a yi gasar. Ban sani ba ko zan ci. Zan dai je, kuma zan fara a hankali kamar yadda kika ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Iya Tambaya, da maigidanki Malam Tajuddeen, da 'ya'yanki Sumayya da Hassana, da dukkan abokan aikinki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah ka jiƙan Anti Hanatu, ka yafe kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka saka mata da Aljannar Firdausi, ka sanya kowane taku da ta yi saboda ni a mizaninta. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Mansura Tanko Nahuce
Tudun Wada, Gusau