Yayen da Alhaji Iro Mai Roba Bai Yi Ba

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar aminina, Alhaji Iro Mai Roba. Shekarar ba ta ɓacewa kowa a nan: ita ce wadda aka rufe layukan waya a yankinmu, aka hana sayar da mai a jarka, motocin haya suka daina bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ya cika a Ƙanƙara da hantsi, kuma sai da aka tashi mai babur kafin 'yan'uwansa na Damari su ji. Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa sassauci. Da gangan na ce sassauci, domin ban zauna yin wannan rubutu don in wanke shi ba.

Tare muka yi karatun allo. Ni na zarce da karatu, shi ya kama sana'a a bakin tasha. Tsofaffin tayoyin tirela yake saye, ya yanka su da wuƙa da ruwan sabulu, ya fitar da bushin, da robar da injin mota ke zama a kanta, da robobin shokozoba. Ni na rubuta masa allon shagonsa da ajami. Duk motar da ta ɗauko masara daga Sabuwa ko Faskari, ramukan hanya suka kakkarya mata ƙasa, wurinsa take ƙarewa. Yakan ce mini, "Malam, kai ka roƙi Allah a gyara hanya, ni in roƙa a bar ta. Mu ga wanda za a amsa mawa." Shekara da shekaru shi ake amsa wa.

A shagon akwai Sale, maraya ne daga Mairuwa da kawunsa ya kawo koyon aiki. A wannan sana'a, in yaro ya ƙware, maigidansa kan tara makanikai, ya miƙa masa wuƙa a gabansu, a raba goro, a yi fatiha. Shi ne yaye. Wanda ba a yaye ba, ko ya buɗe shago, makanikai ba sa sayen kayansa, don ana ɗaukarsa gudajje. Sale ya ƙware tun bai fara aske gemu ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, har yanzu sunansa yaron shago. Na yi wa Alhaji magana a kan haka fiye da sau ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wa ka taɓa gani ya yaye jarinshi? Hannun Sale shi ne shagon ga."

Da ciniki ya buɗe sosai, sai wuƙa ta yi masa kaɗan. Ya sayar da gonarsa ta gado da shanun nomansa, ya sayo tsohon injin matsa roba daga Kano, da janareta, da mazuban ƙarfe. Ana zuba ɗanyar roba a mazubi, inji ya sauko da zafi ya danne ta, ta fito sumul kamar 'yar kanti. Ranar da aka sauke shi, rabin tasha ta zo kallo. Kuma jarin ya biya shi da farko. Ya buɗe shago na biyu a Faskari, dillalan kayan mota na Funtuwa suka fara aiko da sarin buhu-buhu, ya sake zuwa aikin Hajji.

Injin yana da maɓalli biyu, nesa da juna. Sai mai aiki ya danna su da hannu biyu kafin ya sauko, don kada hannu ya kasance a ƙarƙashi. Alhaji ya zauna ya lura, ya ga wannan yana cin lokaci. Ya yanko robar tif ɗin babur, ya ɗaure maɓalli ɗaya a danne, yadda Sale zai riƙa gyara roba da dama yana dannawa da hagu. Aiki ya ƙara sauri, riba ta ƙaru, ya riƙa ba da labarin dabarar a majalisa.

Wata ranar da ake gaggawar haɗa kayan kasuwar 'Yankara, injin ya sauko a kan hannun Sale na dama. Ina shagon maƙwabci na ji ƙarar. Da idona na ga Alhaji ya shigo da gudu, ya tsallake mutumin da ke birgima a ƙasa, ya leƙa ya ga ko mazubin ya tsage. Babban yatsa da ɗan ƙarami kaɗai suka rage wa Sale.

Da ya warke, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a yaye ni, in je in nemi abin da zan ba iyali." Alhaji ya ce, "In yaye me? Abin da zan yaye ai inji ya cinye." Ya ce in yana so ya zauna yana sharar shago. Sale ya kwashe iyalinsa ya koma 'Yankara. Alhaji ya san mutumin nan ko da hagu zai koyi yanka, kuma direbobi sun san aikinsa. Don haka ya bi gareji-gareji, daga Ƙanƙara har Sabuwa, yana cewa Sale ya gudu da mazubansa biyu. Babu mazubin da ya ɓata. Na same shi na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Malam, wannan kasuwa ce, ba karatu ba." Daga nan Sale ya koma ɗinka guga da takalman taya, matarsa tana surfe a gidajen mutane.

Injin bai daɗe yana yi wa Alhaji daɗi ba. Ma'aikata suka riƙa gudunsa. Man janareta ya yi tsada, ɗanyar roba ta yi tsada, robobin waje masu arha suka cika shaguna. Ga hanyoyi sun zama abin tsoro, direbobi da yawa sun ajiye mota. Ya rufe shagon Faskari. A shekararsa ta ƙarshe, kayan da ya tara a buhuna suka bushe suka tsattsage ba mai saye, shi kuma yana zaune a ƙofa yana kallon tasha babu kowa. Gona ta tafi, shanu sun tafi, ƙarfe ya rage.

Ranar jana'iza, kafin a tayar da salla, liman ya roƙi jama'a duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Aka amsa da "Mun yafe." Sai wata murya daga sahun baya ta ce, "Ni ban yafe ba." Sale ne, wani direba ya ba shi labari ya biyo shi. Ya ɗaga hannun nan sama yadda kowa zai gani, ya sake cewa, "Ban yafe ba, mu haɗu a can." Ya tsaya aka yi salla da shi, ya raka gawa har maƙabarta, ya tafi bai yi wa kowa gaisuwa ba. Na halarci jana'iza da yawa, ban taɓa jin sanyin jiki irin na ranar ba.

Nakan tambayi kaina me Alhaji zai ce da ya ga yau. Mai ya yi tsadar da direba ba ya iya sayen sabuwar roba, kowa ya koma kan yankan taya, sana'ar da ya raina ya sayar da gona don ya bar ta. Na san zai lissafa ribar da ta wuce shi, ya yi tsaki. Ban sani ba ko zai tuna da Sale.

Wadda ba ta manta ba ita ce matarsa, Hajiya Binta. Maganar nan ta sahun baya ta hana ta sukuni, ga jiki ya fara ƙi. Bayan sallar layya ta bana ta kira ni ta ce, "Malam, ba ni son in tahi in iske shi da wannan kaya a kai." Ta haɗa ni da babban ɗansu, Kabiru, muka je 'Yankara. Kabiru ya yi wa Sale tayin injin da abin da ya rage a shago. Sale ya dube shi ya ce, "In kai shi gida in riƙa gaishe shi da safe?" Ya ce abu ɗaya yake bin gidansu. A yaye shi, a tashar Ƙanƙara, kuma ɗan Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa ubansa ƙarya ya yi masa.

Na ga fuskar Kabiru ta canza. Ba ƙaramin abu ba ne ɗa ya tsaya a gaban jama'a ya kira ubansa da ke kabari maƙaryaci. Na roƙi Sale ya sassauta lafazin. Ya ce, "Malam, shi da ya ce mani ɓarawo, sassautawa ya yi?"

Kabiru ya amince, aka yi a tashar Ƙanƙara. Makanikai suka taru, har da tsofaffin da aka riƙo. Kabiru ya tsaya a gabansu ya ce, "Mahaifina ya ce Sale ya saci mazubai. Ƙarya ce, bai ɗauki komai ba." Ya miƙa wuƙa ga mutumin da ya girme shi, mai furfura a gemu. Sale bai karɓa da hagu ba. Ya miƙo daman, ya maƙale ƙotar da yatsun nan biyu, ya bar kowa ya kalla har ya ƙoshi. Na ja fatiha.

Na auna abin da ya rage na aminina, ban samu da yawa ba. Shago ya zama wurin sayar da gawayi. Abin da bai mutu ba shi ne irin yankansa, wanda direbobi ke tambaya da sunansa har gobe, kuma mutum ɗaya ne ya rage da ya iya shi, da hannun hagu.

Ranar yayen, da aka shafa fatiha, Kabiru ya ce, "To, Yaya Sale?" Sale ya soke wuƙar a aljihu. Ya ce, "Ka gaya ma Hajiya na yahe. Ta kwana da daɗi." Aka miƙa masa goron, ya ce a ba yara, ya tafi neman motar 'Yankara.