Ruwan da Na Zuba wa Baba Marini

Shekara goma sha tara na yi ina ga-ruwa a cikin birnin Zariya. Garwa biyu da sanda ɗaya, daga famfon Ƙofar Kibo zuwa gidajen Limancin Kona. Kafaɗata ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, kuma da na haura arba'in sai ta fara hana ni ɗaga hannu in na tashi da safe.

Wanda ya ja ni zuwa ajin yaƙi da jahilci maigidana ne, wani tsohon marini da nake zaune a gidansa tun ranar da na shigo gari daga ƙauye da tabarma ɗaya. Shi ya ba ni ɗaki, shi ya tsaya mini a wurin aure, shi ya raɗa wa ɗan farina suna. Mutum ne mai sakin hannu. In ka yaba hularsa sai ya aiko maka da ita har gida. Baba nake ce masa, shi kuwa ba ya kirana da komai sai Baƙauye.

Mun gama karatun Hausa tare, ni da gudu, shi da rarrafe. Sai aka buɗe ajin Turanci bayan la'asar a wata firamare da ke kusa da ganuwa. Malaminmu akawu ne a wani ofis can wajen unguwar Kongo, bai kai talatin ba, ga sabon keke ga agogo. Tun ranar farko ya gaya mana ofishinsu na neman masinja guda ɗaya, kuma sunan da ya kai shi za a ɗauka.

"Mai jin Turanci nake so," in ji shi, "kuma mai jin magana."

Na sa aikin nan a raina. Ina tafe da garwa ina bitar kalmomi.

Ranar da abin ya faru tsakiyar marka ce, damina ta biyu bayan an canja kuɗi zuwa naira. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, kwanon ajin yana ta ƙara har sai Malam ya ɗaga murya. Rufin yana yoyo a kusurwa, an tara wata tsohuwar garwa ta kusa cika da ruwa ja mai tsatsa. Malam ya ce ai darasi ya kawo kansa. Ya rubuta kalmomin ruwa a allo: wanda ke ɗiga, drip, wanda ke gudu a kwata, flow, wanda ake kwarawa, pour. Ya ce irin ruwan yau ma pour Turawa ke cewa, in kuma attajiri ya yi ruwan kyauta a biki sai su ce shower. Muka maimaita har sau goma. Ya goge allon, ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Da ya zo kan Baba ya ce, "Tsoho, in ka kwara ruwa, me ka yi da Turanci?"

Baba ya dubi rufi, ya dubi hannuwansa da shuni ya rina har ƙumba.

"Malam, ruwa dai ruwa ne. Shekara hamsin ina kwara shi a marina, bai taɓa tambayata Turanci ba."

Aji ya fashe da dariya. Wani tela a baya har da buga benci. Malam bai yi dariya ba, don ya san da shi ake yi. Ya juyo kaina, ni kuma na faɗi kalmar tun kafin ya rufe baki.

"Madalla," ya ce. "A makarantar da na yi, wanda ya ci shi ke marin wanda ya faɗi. Ku iyaye ne, ba zan sa a mare ku ba. Mai ruwa, ɗauko garwar can. Tsoho, cire hula. Abin da bai shiga ta kunne ba ya shiga ta ka."

Na ce, "Malam, a yi haƙuri, ubana ne."

"A waje ubanka ne. Nan aji ne. A ofis in aka aike ka, haka za ka tsaya kana a yi haƙuri?" Ya dubi sauran. "Ko akwai wanda ya fi shi son aikin?"

Na ga tela ya fara gyara zama zai miƙe. Sai na riga shi.

Baba ya cire hularsa da kansa, ya ajiye a kan cinya. Bai dube ni ba. Ban taɓa ganin kansa a waje cikin mutane ba sai ran nan: furfura a gefe, tsakiya fili, da wani tabo da ban san da shi ba.

Ni gwanin zuba ruwa ne. Ina cika tulu mai ƙaramin baki ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Sai na ce a raina bari in yi masa a hankali, siriri, kada sanyin ya buge shi. Ashe tsawaita abin kawai nake yi. Ruwan yana bin goshinsa, yana bin gemu, yana shiga wuyan farar rigarsa, aji duk ana kallo.

"Wannan ai drip ne," in ji Malam. "Na ce pour!"

Na juye garwar gaba ɗaya.

A nan ne dariya ta dawo, kuma wannan karon da Malam a ciki. Baba ya share fuska da tafin hannu, ya mai da hularsa. Littafinsa ya jiƙe, rubutun wata huɗu ya narke ya zama tabo ɗaya. Ya ɗauke shi a haka, ya ce, "Malam, mun gode," ya fita cikin ruwa. Ni na koma na zauna har aka tashi.

Bayan sati uku na sa kakin masinja.

Kafin nan labari ya riga ya zaga unguwa, 'yan ajinmu suka kai shi. A marina abokan aikinsa, mutanen da suka ci tuwonsa shekara da shekaru, in ya iso sai su ce, "Baba, yau an yi wanka ko sai an je makaranta?" Wani ya tara masa ƙwarya a ka. Sun fi wata shida suna yi. Bai sake taka ajin ba.

Na je na durƙusa a zaure na ba shi haƙuri. Ya ce, "Me ka yi? Malam ya ce ka zuba, ka zuba. Ai shi ne karatu. Tashi, Malam Masinja, kada kakinka ya yi datti."

Bai kore ni ba, bai rage mini komai ba. In Salla ta zo har da 'ya'yana yake ɗinka wa kaya.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da shi da ambulan a hannu, yana juya ta. Ɗansa na fari soja ne a kudu, shi ya rubuto. Karatun Baba na rarrafe bai kai ga rubutun wasiƙa ba. Na ce, "Baba, kawo in karanta maka."

"A'a, Malam Masinja, ka gaji."

Kashegari an aike ni cikin gari, na bi ta kasuwa. Na hango shi a bencin mai rubuta wasiƙa, ya bi layi tsakanin wata mai ƙosai da wani mahauci. Da aka zo kansa, mutumin ya buɗe takardar ya karanta da ƙarfi, kowa yana ji: ɗan ya saki matarsa, kuma ba zai zo gida bana ba. Mahaucin ya ce, "Assha, tsoho!" Baba ya karɓi takardar, ya ninke, ya tashi.

Shekara shida ya yi yana zuwa bencin nan, ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa. Har ya rasu bai taɓa miƙo mini takarda ba.