Nomau da Karnukan Site

Nomau ya yi haya a gidanmu na Arlit a shekarun da kowace kamiyo, babbar motar kaya, daga kudu take shigowa cike da masu neman aiki a ramin yuraniyom. Ɗan Adar ne, ɗan mafarauta, siriri, mai saurin tafiya. Ban taɓa ganin ya gama shayi a zaune ba. Ya gwada aikin rami ya bari, ya gwada gadi ya bari. Abin da bai bari ba shi ne karyarsa Zanzaro, wadda Baba ya yarda ta kwana bayan katanga, da sharaɗin kada ta taka zaure.

A hutun da na dawo daga jami'ar Yamai na samu aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, da ke Site, unguwar da kamfani ya gina wa Nasaru. Tagar biron tana kallon filin ƙwallo, kuma a nan Nomau yake koyar da karnukansu da la'asar. Wata madam ce ta fara ganin yadda Zanzaro take zama da fito guda, ta kawo nata, sauran suka biyo.

Yadda ubansa yake horon karnukan farauta haka ya yi. Zanzaro a gaba, sauran a jere suna kwaikwayonta. In ya yi fito gajere su zauna, in ya ja shi su taho. Wanda ya yi daidai ya samu ƙuli-ƙuli daga hannun Nomau, har da ɗan kirari. A garinsu kare ba ya karɓar abinci sai daga hannun mai dawa, jagoran farauta, don haka bai taɓa tunanin miƙa wa masu karnukan ƙuli-ƙulin ba. Su madam suna inuwa suna tafi, kukunsu suna riƙe da igiyoyi daga nesa, suna tattare riguna kada yawu ya taɓa su.

Karnukan sun koya sosai. Wata Juma'a Nomau ya hau kekensa ya dawo gida, bai jima da shiga ba sai ga su sun tsallako shingayen Site, manya da ƙanana, har da wani mai gashi kamar tunkiya. Suka jeru a ƙofar gidanmu, daidai inda Baba da maƙwabta suke shimfiɗa tabarmin Magariba, suka zauna tsaf suna jiran fito.

“Nomau! Fito ka ga baƙinka!” in ji Baba.

“Wallahi Alhaji ban kira su ba. Mi na yi?”

“Ka buɗe lakwal, ga 'yan makaranta sun zo gaida malam. Sai dai ba a ƙofata ba. Ko su daina, ko ka ba ni ɗakina.”

Ɗaki a Arlit a lokacin ba abin wasa ba ne, mutane suna kwana ƙarƙashin motoci. Nomau ya shiga sauya hanya. Ya bi ta kasuwa, ya bi ta bayan tasha, ya bar keken ya shiga motar ma'aikata. Duk da haka in ya iso yakan tarar da biyu ko uku sun riga shi. Ya koma da su, ya dawo, ya sake komawa. Daga ɗakinmu ina jin takunsa a tsakar gida, daga randa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa.

Sai ya sauya darasin. Ya naɗe bakinsa da rawani, ya ɗaure hannuwansa a baya, ya ce kowa ya yi wa karensa fito, ya ba shi ƙuli-ƙuli da hannunsa. Madam ɗin suka yarda, amma su ba sa yini da karnukan, kuku ne suke yini da su. Almustafa, wani kuku Buzu, ya ja da baya.

“Ni in sa hannu bakin wannan? Da wane hannu zan yi alwala?”

“Kai dai ɗan'uwa, taimake ni. Ɗakina za ya tahi.”

“Ka kwana da ɗalibanka mana, suna da gado.”

Washegari Almustafa ya zo da dogon ludayi, ya ɗora ƙuli-ƙulin a ciki ya miƙa. Karen ya ci. Kafin mako ya ƙare filin ya cika da kuku masu ludayi, kowa yana hura iska ta baki, rabin fiton ba ya fita. Nomau yana gefe, in wani ya yi kuskure sai ka ga rawanin yana motsi.

Yawancin karnukan suka daina zuwa. Amma akwai waɗanda Zanzaro ce suke bi, duk inda ta taka sai sun shinshino. Baba ya kira Nomau zaure, ina miƙa ruwa na ji.

“Ka yi ƙoƙari, na gani. Akwai makiyayi daga Gugaram da yake son karyar nan. Ka ba shi, ka zauna.”

Nomau ya daɗe yana murza hularsa.

“Alhaji, tun idonta bai buɗe ba take hannuna. Na gode da zama.”

Da safe ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaura tukunya da fitila a bayan keke, ya nufi bukkokin da baƙi suke kafawa da kwali da langa-langa a bakin gari. Zanzaro tana gefensa, mai gashin tunkiyar nan yana bin su a guje da guntun igiya a wuya. Baba ya tsaya a ƙofa har suka sha kwana, sannan ya shigo ya ce wa Inna ta riƙa zuba tuwon dare da ƙarin na mutum ɗaya, akwai mai kai wa Nomau.