Jifa na Goma Sha Biyu na Darlene

Darlene Pruski ba ta san shiru ba. Shekara da shekaru tana gyaran gashi a wani ɗan shago a Toledo, kuma duk matar da ta taɓa zama a kujerarta za ta gaya maka almakashinta da bakinta tare suke aiki. Haka ta kwashi halin nan ta kai shi zauren bolin, wasan gara ƙwallo a kaɗe kwalabe, inda ƙungiyarsu ta mata take wasa kowace Talata da rana. Tana goge ƙwallo tana ba da labarin surukinta, ta taka, ta saki, kwalaben katako goma su watse, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ta iya kuwa, wannan ba a musu. Da can ƙwallo mai nauyi irin na maza take ɗauka don kada a raina ta, har ranar da Otis, mai huda ƙwallaye a shagon bakin ƙofar zauren, ya dubi yadda take cije leɓe ya ce, "Baiwar Allah, da kwalabe kike faɗa ko da kafaɗarki?" Ta wanke shi tas, sannan ta sayi marar nauyin, ya huda mata ramukan yatsu daidai hannunta. Daga nan ta daina kallon kwalaben, ta koma sa ido a kan kibiya ta biyu cikin waɗanda aka zana a katakon layin da ƙwallo yake bi. Ta koyi halin man da ake shafa wa layin ma. In wasa ya yi nisa mai ya ja baya, ƙwallo ya fara lanƙwasa da wuri, sai ta ɗan gusa hagu ba tare da kowa ya ce mata ba.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, maki ɗari uku, wato jifa goma sha biyu a jere kowanne ya share kwalaben duka. Ta sha kaiwa kusa tana zubarwa, kuma ba laifin hannu ba ne. Al'adar 'yan bolin ce, in mutum ya jero shara ya doshi ƙarshe, kowa ya kama bakinsa. Ba a yi masa magana, ba a zama kusa da shi, wai kada a karya masa sa'a. Su a ganinsu karamci ne. A wurin Darlene azaba ce tsagwaronta, don da zarar surutu ya ɗauke sai ta fara sauraron jikinta, ina ƙafa take, yaya babban yatsa ya zauna, hannun da ya san aikinsa ya koma kamar na aro.

Bana kuma likita ya gaya mata da an rufe kakar wasa za a yi mata aiki a gwiwar hagu, wadda take zamewa a kanta lokacin jifa, kuma bai yi mata alkawarin za ta koma kamar da ba. Wuƙar ba ta ba ta tsoro ba. Abin da ya ci mata rai shi ne ta ajiye ƙwallo ba ta taɓa yin ɗari ukun nan ba.

Wata Talata cikin Afrilu hannu ya zauna. Ta jero takwas tana tsokanar Gladys Tompkins, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ta je wani shagon aka rina mata gashi. Na tara na shiga, Gladys ta ɗauki kofinta ta sulale baya. Layukan maƙwabta suka daina jifa. Na goma da na sha ɗaya da ƙyar suka shiga, kwalbar ƙarshe sai da ta yi rawa kafin ta kwanta, kuma Darlene ta san sa'a ba za ta yi mata haka sau uku ba.

Ta ɗauki ƙwallon, ta tsaya, ta mayar da shi. Ta juyo ta riƙe ƙugu.

"Wai wa ya mutu?"

Ta nuna Gladys da yatsa.

"Ke Gladys, da ke nake. Taso ki dawo kujerarki."

"Don Allah Darlene, je ki yi jifarki," in ji Gladys cikin raɗa. "Ba da bakina ba."

"Da bakinki kuwa. Kullum kina cika min kunne, yau da nake nemansa za ki yi min rowa? To bari ni in faɗa. Rinin nan na kanki, ko kare aka yi wa sai ya kai ƙara."

Dariya ta kufce wa wata a baya. Gladys ta dire kofi ta miƙe.

"Ni? Ke da kika ƙona min gashi ana jibi bikin 'yata? Da hula na shiga coci kamar mai sanƙo!"

"Ke kika motsa kai," Darlene ta ce, tana zura yatsu cikin ƙwallo.

"Na motsa? Waya kike amsawa, tsohuwar banza!"

Darlene ta riga ta taka. Idonta na kan kibiya ta biyu, ƙafa ta zame sumul, ƙwallon ya bar hannu ba tare da ta yi tunaninsa ba.

"Kuma har yau ba ki ba ni haƙuri ba!" Gladys ta ɗora.

Wannan kam Darlene ba za ta bari ta wuce ba. Ƙwallon bai kai rabin layi ba ta juya masa baya, ta ɗaga yatsa.

"Haƙuri? Ai hular ta fi gashin yi miki kyau, kowa a cocin nan ya..."

Ƙarar kwalabe ta katse ta. Zauren ya ɗauki ihu, Gladys ta yi tsalle ta rungume ta tana kuka tana dukan bayanta. Darlene ta waiga, ta ga layin wayam.

"Duka suka faɗi?"

"Duka, shashasha! Ba ki gani ba?"

"Ina zan gani, kin cika ni da surutu."