Lofen Kawu Tijjani da Usta Girgis

Ku da kuka zauna da Kawu Tijjani a unguwar Faisal a nan Masar, ku faɗi tsakaninku da Allah, akwai wanda ya taɓa ganin bakinsa ba lofe? Ni dai Zainabu 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi tun muna Sudan, kuma in ba salla yake ko cin abinci ba, itacen nan na maƙale a gefen bakinsa na hagu. Da shi yake gaisuwa, da shi yake faɗa, da shi yake nuna wa direban mikrobas inda zai sauka. Abin dariyar kuma, lofen wayam yake, ba taba ba wuta.

Dalili kuwa, lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da matarsa Inna Halima, ta riƙe hannunsa ta ce, "Malam, yi mini alkawari hayaƙin nan ba zai ƙara shiga ƙirjinka ba." Ya yi mata. Ba a jima ba ta rasu. Mutumin da tun yana saurayi yake busa taba! Kowa ya ce alkawarin nan ba zai kai sadakar arba'in ba. Ni kuwa na sa masa ido, don Inna ce ta raine ni, kuma na rantse duk ranar da ya saɓa mata sai unguwa ta ji mu.

Da aka raba kayanta, sai nish ɗinta ya zauna ba komai, wato kabad ɗin gilas ɗin nan da matan Masar ke jera kwanukan ado. Rannan Kawu ya tsaya gabansa ya ce lofe zai cika shi da shi, kuma na masassaƙi ɗaya tak.

Na ce, "Haba Kawu! Mutumin da ba ya shan taba, me zai yi da kabad cike da lofe?"

Ya ce, "Kwanukan Halima da suka shekara a nan, wa ya taɓa cin tuwo a ciki? Kin taɓa buɗe baki?"

Ya ƙara da cewa, "Mace ɗaya na aura, tela ɗaya ke mini ɗinki, masassaƙi ɗaya zan bi. Yalla, ɗauko mayafinki mu tafi."

Wayyo ƙafafuna! Ba lungun da ba mu shiga ba a kasuwar Ataba. Na farko wani mai kanti ne, ya fito mana da lofe na ƙasar waje, yana sheƙi a cikin akwatinsa. Kawu ya jujjuya shi ya ce, "Wa ya sassaƙa?"

Mai kanti ya ce, "Kamfani ne babba, ya Hajji."

"Kamfanin nan in ya yi ciwo, ina zan je in duba shi?"

Kawu ya ajiye masa kayansa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ni mutum nake nema."

Wani kuma ya sayar masa da guda. Kawu ya jefa shi a aljihun jallabiya, muka shiga mikrobas ɗin Faisal a daidai lokacin tashi daga aiki, da gangan fa! Aka matse mu kamar kifin gwangwani. Muna sauka ya zaro lofe ya karye gida biyu, ya ɗaga shi sama yana murna. "Kin gani? Lofen da bai iya zama da jama'a ba, ba zai zauna da ni ba."

Na ukun ne ya ba ni tsoro. Wani matashi ne gwani, aikinsa ba makusa. Don karamci ya cika lofe da taba mai ƙamshi, ya miƙo da ashana ya ce, "Gwada ka ji, Hajji, ai ba a sanin lofe sai an ja." Wallahi na ga hancin Kawu na buɗewa. Sai ya miƙe zumbur ya yi waje ko sallama babu, har ya manta sandarsa, ni na koma na ɗauko. A hanya ya ce, "Yaron nan ya fi su duka iyawa. Shi ya sa ba zan koma ba."

A ƙarshe muka faɗa wani ɗan shago a bayan masu sayar da fitilu, wurin wani tsoho Kirista, Usta Girgis, mai sassaƙa da itacen zaitun. Kawu ya aike ni sayen ruwan rake. Ina dawowa na tarar suna ƙus-ƙus, Usta na dariya har da tari. Kawu ya ce, "Khalas, an gama, Zainabu, na sami nawa."

Na dubi lofen. Kan ya karkace, wuyan kamar na tsohon zakara. Na ce, "Duk wahalar da muka sha, a kan wannan za mu ƙare?"

Ya ce, "Kyansa na ciki, ke ba za ki gane ba."

Daga nan duk ƙarshen wata sai ya je ya karɓo sabo ya jera. Kuma ba mai taɓa masa! Ko ƙura zan share, sai ya tsaya a kaina ya ce, "Gilas kawai, 'yar nan, gilas kawai."

Kun tuna ɗaliban nan biyu 'yan Kano da suka zo daga unguwar Madinat Nasr yi masa nasiha? Suka zauna suka jawo fatawa kan fatawa a kan hukuncin taba, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Kawu na gyaɗa kai yana "Tamam, tamam," lofe na baki, har shayinsu ya huce. Da suka gaji, ya cire shi ya kife a tafin hannunsa, ko ƙura ba ta faɗo ba. Ya ce, "To malamai, saura babin tsotson itace. A wane littafi yake?" Tun daga ranar suka zama 'yan gida, duk Juma'a a nan suke cin abinci.

Sau ɗaya ne muka ɓata da shi. Ranar da aka bugo waya cewa ƙaninsa ya rasu a gida, ga shi ba halin zuwa. Bayan la'asar na hau in kai masa abinci, sai na hango shi a baranda da ƙullin taba a cinya. Ya dandanƙara ta a lofen Usta, ya ƙyasta ashana, ya ja, ya ja, har kumatunsa suka lotsa. Ga hayaƙi na tashi daga kan lofen. Na dire kwano na ce, "Kawu! Alkawarin Inna fa?"

Maimakon ya ji kunya, sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba, yana cewa, "Girgis ɗan halak ne! Wallahi ɗan halak ne!" Haushi ya kama ni, na sauka na bar shi. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma ban sake tayar masa da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku sai ga Usta Girgis ya hawo benenmu yana haki, da lofen ƙarshe a naɗe cikin tsumma, wanda Kawu bai samu zuwa karɓa ba. Na yi masa godiya, na ce aikinsa ya yi kyau, sai dai da shi Kawu ya saɓa alkawari sau ɗaya.

Usta ya ce, "Da nawa? Ba zai yiwu ba, 'yata. Busa ki ji."

Na busa. Iska ta ƙi wucewa. Na buɗe nish na ɗauko wani, haka. Na ɗauko wanda ya ƙone a kai, na ranar baranda, shi ma a toshe.

Usta ya ce, "Ai ba na huda su har ƙarshe. Ranar da ya aike ki sayen ruwan rake ya roƙe ni haka. Na ce masa wannan abin kunya ne ga masassaƙi. Ya ce, 'Usta, yau ina da ƙarfi, amma akwai ranar da ba zan samu ba. Ranar nake so ka tsaya mini.'"

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka, lofe a hannu.

Allah ka ji ƙan Kawu Tijjani, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka sada shi da Inna Halima a Aljanna, ya gaya mata da bakinsa cewa ya cika.