Sandar Tsintsiya a Bayan Barnabé

Barnabé Quillet, mijin yayata Perrine, ya shekara talatin da ɗaya yana yi wa manyan garinmu hular gashi, irin wadda ake barbaɗa wa garin alkama ta yi fari fat. Gwani ne, wannan kam ba musu. Sai dai sana'ar ta bar masa ciwo guda, wato rusunawa. Mutumin nan ko dokin mai sarauta ya gani a ɗaure, sai ya cire hula ya lanƙwashe.

Da juyin juya hali ya zo aka sare kan sarki, masu sa hular gashi suka tsere, wasu kuma suka rasa inda za su ɗora ta. Aka ce yanzu kowa ɗaya ne: ba ranka ya daɗe, ba durƙuso, sai dai "ɗan ƙasa". Kowa ya koya cikin mako guda, ban da Barnabé. Rannan ya rusuna wa mai albasa a tsakiyar kasuwa, har da ja da baya. Kafin yamma an kai ƙararsa kwamitin unguwa, wai yana kewar sarauta. A shekarar nan kuwa, abin da bai kai wannan ba ya raba mutane da kawunansu.

Perrine ta yi kuka ta gaji, ta share hawaye, ta zare sandar tsintsiya. Ta ɗaure masa ita a gadon baya tamau, daga ƙeya har ƙugu, ta rufe da kwat.

"Perrine, numfashi fa?"

"Ka yi in ka dawo. Saura ka ga wani ka ce masa yallaɓai!"

Ni na raka shi gaban kwamitin. Shugaban kwamitin, Gaspard mahauci, ya ƙare masa kallo. Ga mutum tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi.

"Ɗan ƙasa, an ce kana rusuna wa mutane."

"Ni? Ko na so ba zan iya ba," in ji Barnabé.

'Yan kwamitin su bakwai suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan Gaspard ya ce, "Jeka abinka, sharri aka yi maka."

Wayyo, daɗi ya kwashe bawan Allah! Don tsabar godiya ya manta da komai, ya tafi ƙasa da iyakar ƙarfinsa. Sanda ta karye, tau! kamar an harba bindiga.

Kafin in ƙifta ido duk su bakwai sun zube a gwiwa, goshi a ƙasa. Gaspard ya riƙe ƙafar tebur yana ihu, "Kada ka harba, ranka ya daɗe! Ina da 'ya'ya!"

Kowa a ɗakin ya ji abin da ya fito daga bakin shugaba. Barnabé ya miƙe a hankali, guntun sanda na leƙowa ta wuyan kwat. Ya miƙa wa mahaucin hannu.

"Tashi, ɗan ƙasa," in ji shi. "Ban ji komai ba, in kai ma ba ka ga komai ba."